Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Aka Raba Kujeru 63 Na Majalisar Gongola A 1979

Muna roƙon mai karatu ya ba mu aron hankalinsa na ɗan lokaci, domin mu waiwayi wani zaɓe da aka yi a wannan ƙasa tun yawancinmu muna yara, wato zaɓen 'yan Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Gongola na shekarar 1979.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata ɗabi'a da muka lura da ita a tsakaninmu. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, in ka zauna a rumfar kasuwa ko ƙofar masallaci bayan La'asar, za ka ji hirar ba ta wuce wa zai zama shugaban ƙasa, in an sauko ƙasa kaɗan a ce wa zai zama gwamna. Amma tambayi mutum sunan wanda yake wakiltarsa a majalisar jiha, sai ka ga yana sosa ƙeya. Alhali kuwa wannan kujera ita ce ta fi kusa da rumfarmu da filin gidanmu da makarantar 'ya'yanmu. Zaɓen 1979 ya nuna haka ƙarara ga duk wanda ya zauna ya yi lissafinsa, kuma lissafin ne muke son mu yi tare.

Yadda Muka Samu Kanmu A Gongola

In ba a manta ba, Jalingo gari ne na Masarautar Muri, wanda Sarki Muhammadu Nya ya mai da shi mazauninsa cikin 1893. Kakanninmu da iyayenmu sun zo nan ne da fatauci da malanta da sana'ar hannu, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, Zazzau, Sakkwato ko Bauci, suka tarar da Fulani da Mumuye da Kona da Jukun da sauran ƙabilu, aka zauna tare. A zamanin Turawa, tun daga 1926, ƙasar Muri tana cikin Lardin Adamawa ne, kuma majalisar da ke yi mana doka tana can Kaduna.

Cikin 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, muka faɗa Jihar Arewa Maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Sannan ran 3 ga watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohin 19, aka yanke Lardin Adamawa da Lardin Sardauna, aka haɗo musu ƙasar Wukari daga Jihar Binuwai da Filato, aka kira wannan haɗi Jihar Gongola, hedkwata Yola.

To wannan jiha fa ba kamar Kano ko Sakkwato take ba. Daga Mubi da Michika a arewa har tsaunin Mambila da Takum a kudu, ƙabilu ne birjik: Fulani, Bachama, Kilba, Margi, Higi, Chamba, Mumuye, Wurkum, Jenjo, Jukun, Kuteb, Tibi, Mambila, ga mu Hausawa a warwatse cikin garuruwa da kasuwanni. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu addinin gargajiya. Babu ƙabila ɗaya da za ta bugi ƙirji ta ce ita kaɗai ta fi rabin jama'a. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya.

Jam'iyyu Biyar

Bayan shekara 12 da ɗoriya soja na mulki, ran 21 ga watan Satumba 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa. Ƙungiyoyi da dama suka fito, amma hukumar zaɓe ta FEDECO, a ƙarƙashin Cif Michael Ani, biyar kaɗai ta yi wa rajista.

Akwai NPN mai alamar gida da masara, ɗan takararta Alhaji Shehu Shagari, kuma ita ce ta tattara yawancin manyan tsohuwar NPC. Akwai UPN ta Cif Obafemi Awolowo, wadda ta gaji tsohuwar AG, ta zo da alkawarin ilmi kyauta da magani kyauta. Akwai NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Akwai PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, magajiyar NEPU. Sai kuma GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, attajiri ɗan Barno, wanda ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Shi Waziri da shi aka kafa NPP, amma aka samu saɓani kan batun riƙe shugabancin jam'iyya da takara a hannun mutum ɗaya, sai ya fice ya kafa tasa, yana kiran siyasarsa siyasa ba da gaba ba.

Mu a lokacin yara ne, ba mu san komai ba sai bin motocin jam'iyya masu lasifika a guje, ana watso mana takardu masu hotuna muna wawaso. Amma muna tuna yadda zaurukan iyayenmu suka rabu. Wanda asalinsa Kano ne, zuciyarsa na wajen Malam Aminu. Wanda ke ganin Shagari ne zai riƙe amanar Sardauna, yana NPN. Wasu kuma suka ce su dai na gida za su bi, tunda ɗan takarar gwamna na GNPP, Alhaji Abubakar Barde, ɗan wannan ƙasa tamu ta Muri ne. A yi musu har a ɗaga murya, da an kira salla kuma a tashi a bi sahu ɗaya.

Wani sabon abu kuma shi ne wannan ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, domin a Jamhuriya ta Farko maza kaɗai ke zaɓe a Arewa, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka fara buɗe wa mata ƙofa. Haka nan aka sauko da shekarun mai zaɓe zuwa 18.

Asabar Biyar

An tsara zaɓen ne hawa-hawa, kowanne ranar Asabar. Ran 7 ga Yuli aka yi na Majalisar Dattawa, ran 14 na Majalisar Wakilai, ran 21 na majalisun jihohi, ran 28 na gwamnoni, sannan aka tsallake Asabar ɗaya aka yi na shugaban ƙasa ran 11 ga Agusta. Tsakiyar damina ce, hanyoyi sun ɓaci, manoma na gona. Zaɓen majalisar jiha ya zo a ƙarshen Sha'aban, na gwamna da na shugaban ƙasa kuwa da azumi a baki aka yi su.

Wannan tsari yana da muhimmanci ƙwarai. Tunda an zaɓi 'yan majalisar jiha kafin a san wa zai zama gwamna ko shugaban ƙasa, mutane sun dangwala wa wanda suka sani ne da jam'iyyar da ta kwanta musu, ba wai sun bi inda iska ta kaɗa ba. Shi ya sa sakamakon ran 21 ga Yuli ya zama kamar madubi, ya nuna jihar yadda take.

Bisa tsarin mulkin 1979, kowace jiha kujerun majalisarta ninki uku ne na kujerunta a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Gongola tana da 21 a can, saboda haka tana da 63 a Yola. A ƙasa baki ɗaya kujerun wakilai 449 ne, na majalisun jihohi kuwa 1,347.

Sakamako

Ga yadda kujeru 63 na Gongola suka rabu: GNPP ta samu 25, UPN ta samu 18, NPN ta samu 15, NPP ta samu 4, PRP ta samu 1.

Jama'a, ku duba da kyau. Duk jam'iyyun nan biyar babu wadda ta tashi hannu rabbana, kuma babu wadda ta kai rabi. Zaɓukan da suka gabace shi ma haka suka nuna: a kujerun dattawa biyar GNPP ta ɗauki 2, UPN 2, NPN 1, a kujerun wakilai 21 kuma GNPP 8, UPN 7, NPN 5, NPP 1.

Don a ga bambanci, mu leƙa wasu jihohi. A Kano PRP ta kwashe 123 cikin 138. A Sakkwato NPN ta ɗauki 92 cikin 111, GNPP ta samu sauran 19. A Legas da Ogun UPN ta cinye kujeru 36 na kowace jiha ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. A ƙasa baki ɗaya NPN ta samu 487, UPN 333, NPP 226, GNPP 157, PRP 144.

Wani zai yi mamaki, me ya kawo jam'iyyar Awolowo ta zo ta biyu a nan, har ta wuce NPN? Ai abin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 ƙananan ƙabilun wannan yanki, musamman inda mishan ta yi ƙarfi kamar ƙasar Numan, suna ganin NPC a matsayin jam'iyyar sarakuna da En'e, don haka suka jingina da ƙungiyar UMBC da ƙawarta AG. Da aka dawo siyasa sai 'ya'yansu suka ɗora daga inda iyaye suka tsaya, ga kuma alkawarin ilmi kyauta da ya yi daidai da buƙatarsu. Ita kuwa GNPP ta zama wata inuwa ta tsakiya: wanda ba ya son NPN, kuma ba ya jin zai iya bin Awolowo, Musulmi ne ko Kirista, sai ya fake a can. Tikitinta ma ya nuna haka, domin Barde Musulmi ne daga ɓangaren Muri, mataimakinsa Mista Wilberforce Juta kuma Kirista ne daga ɓangaren Adamawa.

Bayan mako guda Barde ya ci kujerar gwamna. Amma da aka zo zaɓen shugaban ƙasa, Shagari ne ya zo na ɗaya a Gongola da kashi 35.52 cikin 100, Waziri Ibrahim na biye da kashi 34.09, Awolowo kashi 21.67, Azikiwe da Malam Aminu kowanne kashi 4 da 'yan kai. Wato jam'iyyar da ta zo ta uku a majalisar jiha ita ce ta zo ta ɗaya bayan mako uku kacal. Wannan ya nuna mutanenmu tun a wancan lokacin sun san bambancin kujera da kujera, ba kwando ɗaya suke zuba ƙwansu ba.

Lissafin Ɗan Kasuwa

To yanzu mu ɗauki alkalami mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A majalisa mai mutum 63, in kowa ya halarta, ana bukatar 32 kafin doka ta wuce, ko a amince da kasafin kuɗi, ko a tabbatar da kwamishina. Jam'iyyar gwamna tana da 25, wato saura 7. Ko da ta jawo mutum 4 na NPP da mutum 1 na PRP, 30 ke nan, har yanzu da sauran 2. Saboda haka ba makawa sai gwamna ya nemi hannun UPN ko NPN.

Ta ɗaya gefen kuma, in UPN da NPN suka haɗa kai sun zama 33, sun fi ƙarfin gwamna, suna iya hana shi rawar gaban hantsi. Abin da ya hana haka shi ne tsakanin jam'iyyar Awolowo da ta Shagari babu ga maciji, balle bayan shari'ar da aka yi kan zaɓen shugaban ƙasa, inda aka yi ta jayayya kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ran 26 ga Satumba 1979. Don haka hanyar da ta fi sauƙi ita ce GNPP da UPN, waɗanda in sun haɗu sun kai 43. A siyasar ƙasa ma can aka dosa, domin Barde yana cikin gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan ci gaba, wato biyar na UPN, biyu na GNPP, biyu na PRP, waɗanda suka riƙa taro suna adawa da gwamnatin tarayya.

Akwai lissafi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, wato na tsige gwamna. Tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa. Kashi biyu cikin uku na 63 shi ne 42. In ka tara duk waɗanda ba 'yan GNPP ba ne, 38 za ka samu. Ke nan muddin mutanen Barde 25 suna tsaye, babu mai iya taɓa shi. Amma fa in huɗu kacal suka zame, sauran su koma 21, to an samu 42 a ɗaya gefen. Kun ga ashe kujerar gwamna sukutum, da jiniyarta da gidan gwamnatinta, a kan wuyan mutum huɗu take rataye, kuma kowanne cikin huɗun nan wasu 'yan ƙauyuka ne ko 'yan unguwanni suka tura shi Yola.

Abin Da Ya Faru Ga Maƙwabta

Wanda ke ganin wannan lissafin wasa ne, ya dubi Kaduna. A can Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, amma a majalisa mai kujeru 99 NPN ce ta samu 64, jam'iyyarsa kuwa 16. Kashi biyu cikin uku shi ne 66, wato NPN mutum biyu kawai take nema, shi kuwa gwamna yana bukatar 34 kafin ya kare kansa. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya, kuma cikin watan Yuni 1981 aka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. Jama'a ne suka zaɓe shi, amma da yake ba su ba shi majalisa ba, ƙuri'arsu ba ta kai ƙarshen wa'adi ba.

A Kano kuwa, inda jam'iyya ɗaya ta kwashe kusan komai, rigimar sai ta koma cikin gida, PRP ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Wato rinjaye mai yawa ma ba shi ne zaman lafiya ba.

Sai Barno, wadda labarinta ya kamata duk wanda ake kira baƙo a inda yake zaune ya sani. Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman shi ne shugaban masu rinjaye na GNPP a majalisar jihar. Cikin watan Janairu 1980 gwamnatin tarayya ta sa aka ɗauke shi aka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa, yana zaune a kujerarsa, rana ɗaya aka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da aka je kotu a Maiduguri, ta yanke hukuncin cewa ɗan ƙasa ne kuma korar ba ta bisa doka, sannan ya dawo gida. Darasin a nan shi ne, maganar asali makami ce da ake zarowa ranar da lissafin kujeru ya matse, kuma abin da ya cece shi shi ne doka da jama'ar da suka tsaya masa.

Ƙarshen Jamhuriya Ta Biyu

Ita ma GNPP ba ta kai 1983 lafiya ba. Batun haɗewa da sauran jam'iyyun adawa ya raba ta, Waziri Ibrahim ya ja gefe guda, wasu manyanta suka ja wani gefen. Gwamnan Barno Alhaji Muhammadu Goni ya koma takara a UPN. A nan Gongola Barde ya bar jam'iyyar, ya sauka daga kujera cikin 1983 kafin wa'adinsa ya cika, Juta ya ƙarasa 'yan watannin da suka rage. Wato abin da majalisa ba ta yi masa ba, rabuwar jam'iyyarsa ta yi.

A zaɓen 1983 kuma sai aka juya tsarin. Aka fara da na shugaban ƙasa ran 6 ga Agusta, na gwamnoni ran 13, aka kai na majalisun jihohi can ƙarshe, ran 3 ga Satumba. Da aka ce Shagari ya koma, sai sauran zaɓukan suka bi sahu, domin kowa na gudun a bar shi a rana. Alhaji Bamanga Tukur na NPN ya zama gwamnan Gongola a watan Oktoba. Wata uku kacal ya yi, ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka rufe majalisu duka. Har sababbin ƙananan hukumomin da majalisun jihohi suka yi ta ƙirƙira a shekarun nan huɗu soja suka rushe su, aka koma 301 na asali.

Da Majalisa Ta Zo Ƙofar Gida

Ran 27 ga watan Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya raba Gongola biyu, Adamawa da Taraba, Jalingo ta zama hedkwata. Majalisar da a da sai an bi hanyar Zing da Mayo Belwa an kai Yola kafin a gan ta, yau ga ta cikin gari. Ran 14 ga Disamba na wannan shekara aka yi zaɓen gwamna da na majalisa rana ɗaya, tsakanin jam'iyyu biyu da gwamnati ta kafa da kanta, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Mu da muke bin motocin jam'iyya a 1979, a wannan karon mun isa zaɓe, kuma zaɓen ƙato bayan ƙato aka yi, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, maƙwabcinka na kallonka, mai gidan hayarka na kallonka. Rabaran Jolly Nyame na SDP, mutumin Zing, ya zama gwamnan farar hula na farko, har zuwa watan Nuwamba 1993 da Janar Sani Abacha ya rushe komai.

Tun daga 1999 majalisar Taraba kujeru 24 take da su. In mun maimaita lissafinmu, 13 ne rinjaye, 16 ne kashi biyu cikin uku, 9 kuma sun isa su hana a tsige mutum. Kuma mun ga aikin wannan lissafi da idonmu. A farkon watan Oktoba 2012 majalisa ta tsige mataimakin gwamna Alhaji Sani Abubakar Danladi, aka naɗa Alhaji Garba Umar a madadinsa. Ba a yi wata guda ba, ran 25 ga watan, Gwamna Danbaba Suntai ya yi haɗarin jirgin sama kusa da Yola, Garba Umar ya zama muƙaddashin gwamna. Sai cikin Nuwamba 2014 Kotun Ƙoli ta soke waccan tsigewa, ta mai da Danladi. Ba muna cewa wane ne da gaskiya ba, kotu ta riga ta yi magana. Abin lura shi ne, hannun da 'yan majalisa suka ɗaga a zama ɗaya shi ya yanke wanda ya riƙe jihar nan shekara biyu.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

To jama'a, me muka tsinta a wannan waiwaye? Na farko, wannan ƙasa tun asali ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma ba a taɓa mulkinta ba sai da haɗin gwiwa. Barde bai hau ba sai da Juta, 25 ba ta yi aiki ba sai da ta nemi ƙari. Mu Hausawan Jalingo ba mu da yawan da za mu ci kujera mu kaɗai a faɗin jiha, haka ma babu wata ƙabila da ke da shi. Amma a wurin da ake neman mutum biyu ko huɗu don cika lissafi, ƙaramin taro mai haɗin kai yana da daraja fiye da yawansa. Darajar nan kuwa ba ta samuwa sai mun zauna lafiya da Fulani da Mumuye da Kona da Jukun da sauran maƙwabtanmu na Turaki da Sintali da Barade da Majidaɗi, mun san damuwarsu sun san tamu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, majalisar jiha ita ke amincewa da kasafin da za a gyara hanya ko a gina aji da shi, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokokin ƙananan hukumomi da na kuɗin shiga, waɗanda daga cikinsu ne ake yanko mana kuɗin rumfa da na lasin. Ranar da aka ce za a ta da kasuwa ko a ƙara haraji, ba Abuja za mu je ba, ƙofar ɗan majalisa za mu nema. In ba mu fito ranar zaɓensa ba, ko mun fito mun sayar da ƙuri'ar a kan sabulu da taliya, da wane ido za mu dube shi?

Na uku, ƙuri'a sai da rajista a inda mutum yake zaune. Akwai 'yan'uwanmu da suka shekara ashirin ko talatin a nan, a nan suke ciniki, a nan suka aurar da 'ya'ya, amma katinsu na can garin asali, ranar zaɓe su hau mota su tafi. Wannan hakkinsu ne, ba mu hana ba. Sai dai mutum ya sani, ɗan majalisar da ya zaɓa a can ba shi zai tsaya masa a nan ba, kuma a lissafin 'yan siyasar nan shi babu shi. Muna kira ga iyaye su tabbata duk yaron da ya kai 18, namiji ko mace, ya yanki kati, kuma a bar iyayenmu mata da matanmu su fita, domin hakkin da aka ba su a 1976 da 1979 ba a ba su don a ajiye a ɗaki ba.

Daga ƙarshe, iyayenmu da suka yi zaɓen 1979 yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, haka Malam Aminu Kano da Waziri Ibrahim da Shehu Shagari da Abubakar Barde da Balarabe Musa. Sun yi musunsu a zaure, sun rabu jam'iyya-jam'iyya, amma ba su bar siyasa ta raba su da sahun salla ko zumuncin maƙwabta ba. Wanda Allah Ya bar masa dattijo a gida da ya ga wancan zamani, ya zauna da shi ya tambaye shi wa ya zaɓa ran 21 ga Yuli 1979, kuma don me, tun kafin a rasa mai ba da labarin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Jalingo da Jihar Taraba da Nijeriya lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, amin. Wassalamu alaikum.